Kafin ka ƙara kaurin zubka, duba zaman sirdin

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce in ka yi doguwar tafiya da dokinka, kamar daga cikin birnin Zariya zuwa Giwa ka dawo, sai ka ga gashi ya cinye a inda bayan sirdi yake zama, kana tambaya ko ka ƙara kaurin zubka, wato shimfiɗar da ake sawa ƙarƙashin sirdi. Don Allah dakata tukuna. Na taɓa yin haka, kuma har yau ina jin zafin abin.

Akawal ne gare ni, wato baƙin doki, shekarun baya. Bayan hawan sallah na ga gashi ya ɗan kwanta a gefen doronsa, sai na ninka zubka biyu. Ashe sirdin ne ya yi masa ƙunci a gaba, ƙarin da na yi ya daɗa matse shi. Sati biyu wurin ya kumbura, ya fashe ya zama miki. Da ya warke, farin gashi ne ya fito, faɗinsa kamar tafin hannun yaro. Irin wannan farin gashi ba ya komawa baƙi, domin dannin ya riga ya kashe abin da ke ba gashi launi.

Abu biyu ne ke cin bayan doki, guga da danni, kuma maganinsu ya bambanta. Idan ka sauke sirdi, shafa wurin da tafin hannu a hankali. In gashin ya kakkarye ne kamar an aske, fata lafiya, babu zafi babu kumburi, doki bai lanƙwasa baya ba, to guga ce. In kuwa ka ji ɗumi, ko ƙululu ya taso bayan ɗan lokaci, ko ka ga busasshen wuri ɗaya tsakiyar gumi, wannan danni ne, shi ne mai haɗari.

Yadda ka kwatanta naka, na fi zargin sirdin ya yi masa tsawo. Doki haƙarƙari 18 gare shi a kowane gefe, kuma nauyin mahayi bai kamata ya wuce na ƙarshe ba. Bayan nan ƙugu ne, kowane taku sai ya karkata dama da hagu. A kilisar yamma ba za ka ga komai ba, amma tafiyar awa biyar ko shida gugar nan sau dubbai take maimaituwa. Ɗora sirdin babu zubka, ka lalubo haƙarƙarin ƙarshe da yatsa ka bi shi sama, ka ga inda sirdin ya tsaya. A gaba kuma yatsu biyu zuwa uku su shiga tsakanin sirdi da doro, kana kai a zaune.

Sannan hunturun Zariya. Ƙura ta haɗu da gumi ta bushe a jikin zubka, ta zama kamar yashi. Ni zubka biyu nake ajiyewa, ɗaya na shanya ɗaya na aiki, kuma ba na ɗaura sirdi sai an goge bayan tas. Majayi ma, wato abin ɗaure sirdi ta ƙarƙashin ciki, a duba, in ya yi sako-sako sirdi rawa zai yi ta yi. Kar ka manta sirdin da ya zauna wa doki da kaka, yana cike da harawa, ba lallai ya zauna masa da bazara ba in ya rame.

Masu gasar dogon zango a ƙasashen waje suna yin kilomita 160 a yini ɗaya, kusan Zariya zuwa Kaduna a dawo. A kowane zango likita yana auna bugun zuciya, yana shafa baya da wurin majayi, kuma miki yana iya sa a fitar da doki daga gasar.

In fata ta riga ta buɗe, a ajiye sirdi gaba ɗaya har ta rufe. A wanke da ruwa mai tsabta, kuma don girman Allah kada a shafa baƙin mai, na ga ana yi a wasu bargogi. In kumburin ya ƙi sauka ko ya fara ruwa, kai shi asibitin dabbobi na jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Sirdin kuwa, kai wa mai gyara tare da dokin, ya gwada a bayansa da idonsa. Allah ya ba shi lafiya.