Zoben da aka gani a ƙafar tsuntsu: na waye, kuma me ake yi da shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni masunci ne a wajen Nguru, kwanaki wata agwagwar daji ta faɗa cikin tarunmu sai muka ga wani ɗan zoben ƙarfe a ƙafarta da lambobi da rubutun boko a jiki, wasu suka ce na'urar leƙen asiri ce wasu suka ce asiri ne. Mun sake ta saboda tsoro. Dan Allah mene ne wannan? Kuma mutum irina da sakandare kawai ya gama zai iya shiga irin wannan harka?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya ƙara albarka a sana'a. Kwantar da hankalinka, zoben nan ba asiri ba ne ba kuma leƙen asiri ba, ƙarfe ne zalla babu batir babu komai a ciki. Masu binciken tsuntsaye ne suke kama tsuntsu da wata raga mai laushi, su auna fukafukinsa da nauyinsa, su saka masa zobe mai lambar da babu wani tsuntsu a duniya da yake da irinta, sannan su sake shi. Rubutun da ka gani adireshin cibiyar da ta saka ne, sau da yawa a Turai, domin agwagin nan da suke cika dausayin Hadejia da Nguru lokacin hunturu da yawansu daga can suke zuwa, su tsallake Bahar Rum da hamadar Sahara su yi watanni a wajenku sannan kafin damina su koma su yi ƙwai. Ba dukkansu ne baƙi ba fa, dinya da ƙirinjijiya namu ne na gida.

Sakin da kuka yi ya yi kyau sosai, abu ɗaya kawai ya rage, lambar. Nan gaba in hakan ta sake faruwa ka ɗauki hoton zoben da waya ta kowane gefe yadda lambobin za su fito, ka rubuta ranar da sunan wurin da kuma ko tsuntsun yana da rai ko ya mutu, in yana da rai ka sake shi da zobensa kada ka cire. Wannan ɗan bayanin shi ne abin da mai binciken yake jira shekara da shekaru, da shi ake gane hanyar da suke bi da tsawon rayuwarsu. Kana iya kai wa ma'aikatan gandun dajin Dagona da ke kusa da ku a Yobe, ko ka aika wa cibiyar APLORI.

Ita APLORI cibiyar binciken tsuntsaye ce ƙarƙashin Jami'ar Jos, tana dajin Amurum kusa da ƙauyen Laminga, kuma abin da yake burge ni da ita mutanen ƙauyen suna cikin tafiyar tun farko, akwai 'yan yankin da suka ƙware wajen saka zobe da gane tsuntsu ta kukansa kawai har ɗaliban digiri na biyu suna koyo a wajensu. Toh ka ga amsar tambayarka ta biyu kenan.

Tun 2015 cibiyar take tafiyar da aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, an yanka ƙasar gaba ɗaya gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 tsawo 9 faɗi, kai kuma aikinka ka shiga gida ɗaya ka yi aƙalla awa 2 kana zagayawa kana rubuta duk irin tsuntsun da ka gani ko ka ji a manhajar waya mai suna BirdLasser, cikin kwana 5 ka tura. Ba a tambayar takardar makaranta. Najeriya tana da nau'in tsuntsaye sama da 900 kuma wurare da yawa a arewa masu bincike ba sa kaiwa, saboda nisa da kuma matsalar tsaro, amma kai kullum kana cikin kwalekwale a wurin. Wahalar da za ka fara sha ita ce sunaye, manhajar da Turanci take, sai ka haɗu da ƙungiyar masu kallon tsuntsaye mafi kusa da kai su riƙa nuna maka, in sun fita ka bi su, galibi ana aron madubin hangen nesa a tsakani kafin mutum ya samu nasa.

Gaskiya ni abin da yake damuna shi ne ilimin da ke bakin dattawanmu yana tafiya ba a rubuta ba. Manomi ya san zuwan shamuwa alamar damina ta kusa, ku kun san yadda ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa ta zama maɓoyar jan-baki mai cinye shinkafa da gero, kuma duk wanda ya manyanta zai faɗa maka yadda ungulu take cika mahauta a da, yanzu sai ka yi wata ba ka ga ɗaya ba, tun 2015 aka saka ta cikin masu gab da ƙarewa, gauraka ma kusan haka. Ka zauna da tsofaffin masunta ka tambaye su wane tsuntsu ne ya ragu, wanne ya ƙaru, a wane wata yake zuwa, ka rubuta a littafi da sunan Hausa ko Kanuri ko Bade. A watan Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a dausayinku, in masu ƙidayar sun zo ka je da littafin ka nuna musu.