Malamina ya ce in kawo hujjata a kundin digiri

Tambaya: Ina ajin ƙarshe a sashen tarihi, ina rubuta kundi kan shigowar Musulunci Kano. Na jero abin da marubuta suka faɗa ɗaya bayan ɗaya, amma malamin da ke duba aikina ya mayar mini da babin, ya rubuta da jan biro: "Ina matsayarka? Ina hujjarka?" Me zan gyara?

Amsa: Ɗan'uwa, ka baza kaya a kasuwa amma ba ka ɗora su kan sikeli ba. Awon shi ne abin da malaminka ke nema.

Mu ɗauki batunka. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara daga Larabci ya buga a 1908, ya ce Wangarawa, wato wasu malamai da fatake, sun zo da Musulunci daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wato 1349 zuwa 1385. Amma wani rubutu na Larabci kan asalin Wangarawa, wanda Muhammad al-Hajj ya fitar a 1968, ya kai zuwan shugabansu Abdurrahman Zaite zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Tazarar kusan shekara ɗari ke nan. Idan ka kawo su duka ka wuce, ka bar mai karatu a tsakiyar ruwa.

Tambayi kowace majiya: wa ya rubuta, yaushe, don wa? Tarihin Kano ya tsaya a kan Sarki Muhammadu Bello, ƙarshen ƙarni na 19, don haka mai haɗa shi yana ba da labarin abin da ya wuce shi da ƙarnuka biyar. Kuma shekarun da kake gani, har da 999 ta Bagauda, sarkin farko a jerin, Palmer ne ya lissafo su daga tsawon mulkin kowane sarki. Yawancin ɗalibai kan ɗauke su kamar an sassaƙa a dutse. Bin diddigin majiya ba baƙon aiki ba ne gare mu. Malaman hadisi sun daɗe suna bin isnadi kafin su karɓi magana.

Daga nan sai ka tsaya wuri guda, amma da ƙarfin da hujjarka za ta iya ɗauka. Maimakon "babu shakka Musulunci ya shigo zamanin Yaji", rubuta cewa majiyoyin sun saɓa, kuma mai yiwuwa Wangarawa sun riƙa zuwa ne rukuni-rukuni, har Rumfa ya kafa addinin a fada. Sannan ka faɗi abin da zai iya rushe wannan fahimta taka, tun kafin mai jarrabawa ya riga ka.