Amsa ga Hajiya kan otal ɗin Pupp na Karlovy Vary

Hajiya, barka da warhaka. Na ga tambayarki, cewa ke da Alhaji za ku je Jamus wajen ɗanku, kuna so ku tsallaka ƙasar Cek ku kwana a otal ɗin nan da kika gani a fim ɗin James Bond, kina son sanin ko ya cancanci kuɗin da ake karɓa. Na yi karatu a Prague, babban birnin ƙasar, na sha kai baƙi Karlovy Vary, na kuma taɓa sauka a otal ɗin da iyalina, don haka bari in faɗa miki abin da na sani.

Sunansa Grandhotel Pupp. Idan fim ɗin kaɗai ne ya ja ki, gaskiya ba sai kun kwana ba. Awa ɗaya ta ishe ku ku ga gaban ginin, ku shiga ku sha shayi da kek a wurin shan shayinsu, ku ɗauki hoto ku fito. Amma idan za ku ba garin kansa lokaci, to ku kwana, kuma kada ya gaza kwana biyu. Ni a wurina garin ne abin zuwa, otal ɗin kuma shi ne wurin da ya fi dacewa a zauna a ji daɗin garin.

Game da fim ɗin, akwai abin da ya kamata ki sani kafin ki je, don kada ranki ya ɓaci. A Casino Royale na 2006 an nuna otal ɗin da sunan Hotel Splendide, aka ce a Montenegro yake. Gaban ginin da filin ajiye motoci duk nasa ne, za ki gane su nan take. Gidan cacar da aka nuna daga waje kuwa wani gini ne daban da ke kusa, tsohon gidan wankan sarakuna da ake kira Kaiserbad, wanda aka gama a 1895, aka gyara shi aka sake buɗewa a 2023. Ɗakin da suka zauna suna buga karta babu shi a garin ko kaɗan, a ɗakin shirya fina-finai na Barrandov da ke Prague aka gina shi. Tashar jirgin ƙasan da aka nuna ma ba tasha ba ce, rumfar shan ruwa ce ta tsakiyar gari. Akwai kuma Last Holiday na Queen Latifah, shi ma na 2006, wanda a cikinsa otal ɗin ya fito da sunansa na gaskiya. Manyan duwatsun ƙanƙarar da ke cikin wannan fim a Ostiriya aka ɗauke su. Abin da ke kewaye da Pupp tsaunuka ne masu kurmi, da ƙaramin kogi mai suna Teplá da ke wucewa ta gabansa.

Ginin ya girmi fina-finan nan nesa ba kusa ba. Asalinsa wani zauren taro ne da aka gina a 1701. Daga baya wani mai sana'ar kayan zaƙi, Johann Georg Pupp, ya shigo harkar, zuriyarsa suka yi ta sayen gine-ginen da ke maƙwabtaka suna haɗewa. Fuskar da ake gani yau aikin wasu magina biyu ne daga Vienna, Fellner da Helmer, tsakanin 1896 da 1907. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta ƙwace shi, zamanin kwaminisanci aka sa masa suna Moskva, sai a 1989 sunan Pupp ya dawo. Na kawo wannan ne saboda yana shafar aljihunku: tunda gine-gine ne da yawa aka haɗe, ɗakunan ba iri ɗaya ba ne. Wani babba ne mai doguwar silin yana kallon kogi, wani matsakaici ne yana kallon tsauni ta baya. Kada ku tsaya ga hoton da ke intanet kawai. Ku rubuta musu ku tambayi ɓangaren da ɗakin yake da inda tagarsa ke kallo. Idan har za a kashe kuɗin, a kashe a kan mai kallon kogi.

Yanzu ruwan, wanda shi ne dalilin kafa garin tun ƙarni na 14, zamanin Sarki Charles na Huɗu da garin ke ɗauke da sunansa. Mutanenmu da yawa suna zuwa da tunanin wani abu ne irin Wikki ta Yankari, inda za ka faɗa ruwa mai ɗumi ka yi iyo. Ba haka ba ne. Ruwan Karlovy Vary galibi na sha ne. Babban marmaron, Vřídlo, yana fitowa da zafin digiri 72, yana tashi sama har mita 12, an gina masa zaure na gilashi. In kin shiga za ki ji tururi ya bugi fuskarki, ki ga duk inda ruwan ya taɓa ya rine ya koma ruwan ƙasa-ƙasa saboda ma'adinan da ke cikinsa. Har fure suke ajiyewa a ciki ya daskare ya zama kamar dutse, su sayar wa baƙi. Sauran maɓuɓɓugan suna ƙarƙashin rumfuna a jere a bakin kogi, kowanne da sunansa da zafinsa a rubuce a jiki. Mafi girma ita ce rumfar Mlýnská mai ginshiƙai 124, waccan da aka mayar tasha a fim.

Ana sha ne da wani kofin tangaran na musamman da ake sayarwa a kowane lungu. Hannun kofin rami ne da shi, ta nan ake zuƙa, ruwan ya ɗan huce kafin ya kai baki. Da sassafe, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso daga Prague, za ki ga tsofaffi suna tafiya a hankali kowa da kofinsa, su kurɓa su taka, su kurɓa su taka, babu mai ɗaga murya. Wannan lokacin shi ne ribar kwana a garin, kuma wanda ya zo da rana ya koma da yamma ba ya ganinsa. Ɗanɗanon ruwan gishiri-gishiri ne da ƙarni na ƙarfe, ba zan ce miki yana da daɗi ba. Kuma Hajiya, don Allah a sha kaɗan. Yana saki ciki sosai. Masu zuwa jinya na gaske, galibi masu matsalar ciki da narkewar abinci, likita ne ke rubuta musu wane marmaro da yawan da za su sha kafin abinci, kuma makonni suke yi. Idan Alhaji yana da hawan jini ko ciwon ƙoda, ya tambayi likitansa tun daga gida.

Sai abin da ya shafe mu a matsayin Musulmi, wanda babu mai faɗa miki a tallar otal. Wuraren iyo a wannan yanki maza da mata a haɗe suke, ɗakin gumi kuwa al'adarsu a shiga ba tare da kayan wanka ba. Matata ba ta je ko kusa ba, kuma ba ta rasa komai ba, domin tausa da wankan ma'adinai a ɗaki na mutum ɗaya ake yi. Lokacin da kike kama lokaci ki faɗa a fili cewa mace kike so ta yi miki, ki kuma faɗa da wuri. Abincin Cek cike yake da naman alade, wani lokaci da kitsensa ake suya, wata miyar kuma da giya a ciki. Mu kifi muka riƙe da kayan lambu, muna tambaya kafin a kawo. Karin kumallo ba matsala: ƙwai, burodi, cuku, zuma, 'ya'yan itace. Za ki ga koren kwalba ko'ina an rubuta Becherovka, za a ce miki maganin ciki ne na ganyayyaki, har kirari suke yi mata wai ita ce marmaro na 13 na garin. Giya ce, kada a saya a matsayin tsaraba. Tsarabar da ta dace ita ce oplatky, wani siririn biskit mai faɗin faranti da ake gasawa a gabanki a miƙo miki da ɗuminsa. Ku tafi da ƙaramar buta da darduma, salla a ɗaki za ku yi. Idan da bazararsu ne, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, asuba kuma tana yi da wuri ƙwarai, sai a lura.

Otal ɗin yana can ƙarshen unguwar maɓuɓɓugan, inda hayaniya ta ƙare. Ta gefensa akwai ƙaramin jirgin da ake ja da igiya zuwa saman tsauni, wurin hasumiyar Diana, 'yan mintoci ne kawai. Ku hau, ku ga garin duka kwance a cikin kwari. Idan gwiwoyi da sauran ƙarfi ku sauko da ƙafa ta cikin kurmi. A 2021 ne UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya tare da wasu garuruwan ruwan magani na Turai, kuma daga saman nan mutum ke gane dalili.

Daga Prague kusan kilomita 130 ne. Bas ta fi jirgin ƙasa sauri, wajen awa biyu. Bizar Shengen da za ku shiga Jamus da ita ta wadatar, amma kuɗinsu koruna ne, ba yuro ba, kodayake kati yana aiki kusan ko'ina. Abu ɗaya da zan roƙe ki: ku kauce wa farkon watan Yuli. A lokacin ake bikin fina-finan garin, wanda aka fara tun 1946, manyan taurari a Pupp suke sauka, ɗaki ya yi wuya, farashi ya tashi, shirun da na ba ki labari kuma ya tafi. Mayu ko Satumba sun fi, kuma tsakiyar mako ya fi ƙarshensa sauƙi. Idan kun samu rabin yini ku leƙa Loket, ƙaramin gari mai tsohuwar ganuwa da ke kusa, a dandalinsa aka ɗauki wani ɓangare na fim ɗin Bond ɗin.

Ki gaida Alhaji. Allah Ya kai ku lafiya.