Amsa ga mai tumatir ɗin da ke zubar da fure

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ƙanwata, na saurari muryarki, na kuma duba hotunan da kika turo. Ga waɗanda ba su bi maganar daga farko ba, tumatir ta shuka a buhuna a bayan ɗakinta, ya yi ganye shar, ya yi fure, sai furen ya dinga kakkaɓewa. 'Yan ƙalilan ɗin da suka ƙulla kuma gindinsu ya yi baƙi ya lotsa. Shi ne take tambaya wane magani za ta fesa, ko kuwa ta haƙura da lambun gaba ɗaya.

To, kar ki sayi maganin komai tukuna, kin ji ko? Abu biyu ne suka haɗu miki, kuma babu ɗaya a ciki da feshi zai gyara.

Bari in fara da baƙin gindin nan. Wannan ba ƙwaro ba ne, ba kuma cutar da ke yaɗuwa ba ce. Akwai wani sinadari, kalsiyam, da ɗan tumatir yake buƙata yayin da yake girma, kuma ba ya iya kaiwa gare shi sai ta cikin ruwan da saiwa ta zuƙo. Ganye ne ke kwashe mafi yawan ruwan, shi kuwa gindin ɗan tumatir shi ne wuri na ƙarshe da ruwan ke isa. In yau kin malala ruwa, gobe kin manta, jibi ƙasar ta bushe ƙamas sannan kin sake malalawa, to a kwanakin ƙishin nan ne gindin yake mutuwa. Sau da yawa sinadarin yana nan a ƙasar, hanyar kai shi ce ta yanke. Shi ya sa masu cewa ki daka ɓawon ƙwai ki zuba, ba laifi ba ne, amma ɓawon ƙwai yana daɗewa sosai bai narke a ƙasa ba, ba zai ceci 'ya'yan da ke jikin shukar yanzu ba. Gyaran yana hannun mai ban ruwa. Da safe ki tura yatsarki cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In kin ji danshi ki bar ta, in a bushe take ki zuba a hankali a gindin shukar, ba a kan ganye ba, har sai kin ga ruwa ya fara tsiyayowa ta ƙasan buhun. Sannan ki samu busasshiyar ciyawa ko busasshen ganye ki lulluɓe saman ƙasar, don rana kar ta tsotse danshin kafin azahar.

Kuma na ga abu a hoton nan na biyu: shuka uku a buhu ɗaya. Haba ƙanwata! Kamar ki zaunar da ƙarti uku a kan ƙaramin kwano ne. Tumatir ɗaya yana son mazubin da zai ci aƙalla lita 20 na ƙasa shi kaɗai. Ki zaɓi wadda ta fi ƙarfi ki bari, sauran ki yanke su daga gindi da almakashi, kar ki tumɓuke don kar ki girgiza saiwar wadda kika bari. Buhun kuma na ga a kan siminti yake kai tsaye. Siminti yana ɗaukar zafi, yana gasa saiwa ta ƙasa. Ki ɗora shi kan bulo biyu ko katako.

Zubar fure kuwa, yawanci zafi ne. Tumatir yana jin daɗinsa ne a wajen digiri 21 zuwa 27. In rana ta haura 32 ko 35, dare ma bai yi sanyi ba, garin da ke cikin furen yana lalacewa, furen ba ya ɗaukar ciki, sai ya bushe ta wuya ya faɗi. Abu na biyu da ke kawo shi, yawan taki mai sa ganye, irin su yuriya ko ɗanyen kashin kaji. Shukar sai ta yi ta ado, ganye kore shar kamar naki, ta manta da haihuwa. Ki dakata da taki haka nan. Za ki iya taimaka mata da inuwa daga azahar zuwa la'asar, ko da tsohon gidan sauro ne ki ɗaura ta sama, amma ki bar mata ranar safe, don tana buƙatar awa 6 zuwa 8 na rana. Da hantsi kuma ki ɗan karkaɗa sandar da kika ɗaure ta a jiki. Furen tumatir shi yake yi wa kansa barbara, girgizar ce take zubo garin inda ya kamata.

Amma gaskiyar da zan faɗa miki, ba lokacinsa ba ne kika shuka shi. Kuma nan ne yawancinmu muke wahalar da kanmu. Kowa in zai fara lambu, tumatir yake fara nema, alhali yana cikin shuke-shuken da suka fi shagwaɓa. Zafi ya dame shi, ruwan sama mai yawa ya kawo masa cutar ganye, ga ƙwari. Lokacin da yake yin kyau a gida kuma shi ne lokacin da ya cika kasuwa har ana rasa yadda za a yi da shi. Ni a ganina, mai ɗan fili kaɗan ta fi cin riba in ta shuka abin da ba ya jure kwana, wato ganye. Tumatir kina iya saye ki ajiye kwanaki, amma ganyen da aka yanko jiya ba ɗaya yake da wanda kika tsinko yanzu tukunya na kan wuta ba. Wanda ya ci ya san bambancin.

Don haka a wannan zafin ki zuba alayyafo. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, ki cuɗa shi da yashi kaɗan kafin ki barbaɗa don kar ya taru wuri ɗaya, kar kuma ki binne shi da zurfi, ƙasa 'yar kaɗan a kai ta isa. Sati uku zuwa huɗu kin fara ci. In za ki yanka kar ki cire shi da saiwa, ki yanke sama ki bar kamar tsawon tafin hannu da 'yan ganyen ƙasa, zai sake tofowa ta gefe. Dabarar da ta fi, kar ki shuka duka rana ɗaya. Buhu ɗaya yau, wani bayan sati biyu, haka haka, sai ya zama kullum akwai na yanka. Kuɓewa ma zafi abokinta ne. Ki jiƙa irin ya kwana, ki shuka a inda za ta zauna don ba ta son dashe, wajen wata biyu ta fara ba ki. Ita sharaɗinta ki riƙa tsinka duk bayan kwana biyu tun tana ƙarama. In kin lanƙwasa bakinta ya karye ƙas, ta yi. In ya lanƙwashe bai karye ba, ta tsufa, kuma barin tsofaffi a jiki yana sa uwar ta rage haihuwa. Ganyen albasa kuwa ba ma sai kin nemi iri ba, gindin nan mai saiwa da kike yankewa ki zubar, shi za ki soka a ƙasa. Na'a-na'a ki ba shi mazubinsa shi kaɗai, in ba haka ba zai mamaye kowa.

Su latas, kabeji, karas da shi tumatir ɗin, ki jira sanyi ya shigo. Latas a zafi tsiri yake yi ya fitar da fure ya yi ɗaci. Karas kuma a shuka shi kai tsaye a ƙasa mai laushi marar tsakuwa, ba a dasa shi, kuma ɗanyen taki yana sa shi ya yi rassa. In kina son sanin lokacin abu a inda kike, ki lura da watan da ya cika kasuwa, ki ƙirga baya wata biyu zuwa uku, to wajen nan manoman yankinki suka shuka shi.

Wata Hajiya a cikinmu ta tambaya jiya kan haɗin ƙasa, bari in haɗa a nan. Ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, yashi kashi ɗaya. Ruɓaɓɓe na ce fa, wanda ya yi baƙi, ya daina wari, ya daina zafi in kin tura hannu. A huda ƙasan mazubin. Ruwan da kika wanke shinkafa ko kayan miya yana da kyau a ban ruwa, amma mai gishiri ko mai bilic kar ya je kusa.

Ƙwari kuma, ki saba da juya ganye kina duba bayansa, can suke ɓuya. In kin ga darɓa ko 'yan fararen ƙudajen nan da ke tashi in an taɓa shuka, ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa a lita ɗaya na ruwa, ki fesa da yamma, ba da rana tsaka ba don ganye zai ƙone. Ki gwada a ganye biyu tukuna ki ga yadda za su kwana. Wanda ya fi ta'adi a tumatir shi ne tsutsar nan da ake kira Tuta absoluta, asalinta daga Kudancin Amurka, ta ɓulla a Sifen a 2006 daga nan ta bazu ƙasashe da yawa. Tana shiga tsakiyar ganye ta yi ta cinsa ta ciki, sai ki ga farin tabo kamar an kankare. A hotonki ban ga alamarta ba. In ta zo, a lambun gida cire ganyen da ta shiga a ƙone shi tun da wuri ya fi. Duk wadda kuma ta ga dole sai maganin kanti, ta karanta kwana nawa aka ce a jira bayan feshi kafin a ci, ta cika su.

Yauwa, sai maganar tukunya, tunda don ita ake wahalar. Ganye ki tsinke shi da safe kafin rana ta sa ya yi laushi. Ki wanke shi kafin ki yanka, ba bayan kin yanka ba. Bitamin C yana narkewa a ruwa, zafi ma yana kashe shi, to in kin yayyanka kin jiƙa kin matse kin zubar da koren ruwan nan, amfani mai yawa ya bi rariya. Ki sa shi a ƙarshe, miya ta riga ta nuna, minti kaɗan ki sauke yana nan da korensa. Tumatir shi akasin haka ne, yana son wuta. Sinadarin da ke ba shi jan launi, laikofin, jiki ya fi ɗaukarsa in an dafa shi da ɗan mai. Haka karas da ganye ma, ɗan mai yana taimaka wa jiki ya samu bitamin A daga gare su. Masu kukan miya ta yi tsami, yawanci gaggawa ce. Ki bar markaɗen ya tafasa tukunya a buɗe har ruwan ya tsotse kafin ki soya.

In lokacin tumatir ya zo ya yi yawa, naki ko na kasuwa, nan ne za ki yi tanadi. Ki yanka ki shanya a rana a kan abu mai tsabta, ki rufe da raga saboda ƙuda da ƙura, har sai ya bushe sarai. Ko ki markaɗa ki dafa ya yi kauri, ki raba daidai girki ɗaya ɗaya ki sa a firiza in wutarku tana zama. Ganye kuma a inuwa ake shanya shi, inda iska ke ratsawa, rana tana cinye launinsa. Ɗanyen tumatir da ya fara sauya launi, ki haɗa shi da nunanniyar ayaba a jakar takarda, iskar da ayabar ke fitarwa tana sa shi nuna da wuri. Kar ki sa shi a firji kafin ya nuna, sanyi yana kashe masa ɗanɗano.

Af, na kusa mantawa, kin ce daga tumatir ɗin girki kika matso irin. Yana fitowa, amma in asalinsa irin haɗe ne, wanda ake rubuta F1 a jikin fakitinsa, 'ya'yansa ba lallai su biyo uwar ba. In sanyi ya gabato ki yi magana a nan, akwai masu ajiye iri a cikinmu.

Yanzu dai ki cire masu baƙin gindin nan duka don shukar ta huta. Wanda ya nuna kuma bai ruɓe ba, ki yanke baƙin ki yi amfani da sauran, ba ya cutarwa. Ki rage shukar zuwa ɗaya, ki ɗaga buhun, ki daidaita ruwa. Bayan sati biyu ki turo min hoton sababbin furen, da na bayan ganye, a kusa sosai.  Wassalamu alaikum.