Hukuncin Ɗaukaka Ƙara Idan Alƙali Ya Warware Sulhu

Tambaya: Allah gafarta Malam, mun yi jayayya da abokin kasuwancina a kan kuɗin da nake binsa, shi kuma ya musa. Manya suka shiga tsakani, muka yi sulhu a rubuce a gaban shaidu, ya biya ni rabi na yafe rabi. Bayan shekara guda ya kai ƙara, alƙali ya warware sulhun, ya ce in mayar da abin da na karɓa. Shin ya halatta in ɗaukaka ƙara, ko yin haka bijire wa shari'a ne?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗaukaka ƙara ba bijirewa ba ce, domin alƙali ɗan Adam ne da kan dace ya kuma kuskure. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya rubuta wa Abu Musal Ash'ari cewa kada hukuncin da ya yanke a baya ya hana shi komawa ga gaskiya idan ta bayyana masa. Malamai irin su Al-Ƙarafi sun tabbatar da cewa ana rushe hukuncin da ya saɓa wa nassi (aya ko hadisi bayyananne), ko ijma'i (haɗuwar malamai a kan hukunci ɗaya), ko ƙa'idojin shari'a, ko ƙiyasi bayyananne (auna mas'ala da makamanciyarta).

Sai dai ya ɗan'uwa, abin dubawa shi ne dalilin da alƙalin ya dogara da shi, wanda ba ka ambata ba. Allah Ya kira sulhu alheri a aya ta 128 ta Suratun Nisa'i, kuma a mazhabar Malikiyya, kamar yadda Ibn Asim ya faɗa a Tuhfatul Hukkam, sulhun da ya ƙullu bisa ƙa'ida ba a warware shi ko da ɓangarorin biyu sun yarda, domin warware shi farfaɗo da husumar da aka riga aka kashe ne. Saboda haka idan abokinka nadama kawai ya yi, ya ga kamar ya biya da yawa, to nadama ba hujja ba ce, kuma kana da haƙƙin neman kotun sama ta tabbatar da sulhun.

Amma ba kowane sulhu ne shari'a take karewa ba. Hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya halatta sulhu tsakanin Musulmi, ya togace wanda ya halatta haram ko ya haramta halal. A Bukhari da Muslim kuwa akwai labarin mutumin da ya fanshi ɗansa daga haddi da tumaki 100 da kuyanga, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware wannan sulhun, ya ce a mayar masa da kayansa. Idan har an tilasta wa abokinka da barazana, ko riba ta shiga cikin sulhun, ko ya kawo hujjar da bai san da ita ba a lokacin cewa ya riga ya biya ka, alƙali ya yi daidai, ɗaukaka ƙararka kuma za ta zama jayayya a kan ɓarna.

Idan ka yanke shawarar ɗaukakawa, ka nemi kwafin hukuncin, ka shigar da ƙararka cikin wa'adin da doka ta ɗiba, ka riƙe takardar sulhun da shaidunka, kuma ka roƙi kotu ta dakatar da zartar da hukuncin maimakon ka ƙi biya da ikon kanka. Mutane da yawa wa'adi ne yake kayar da su, ba raunin hujja ba.

Abokinka ya musa bashin tun farko, don haka abin da ka karɓa bai halatta gare ka ba sai idan a zuciyarka ka san da gaske kana binsa. Hadisin Ummu Salama ya nuna cewa wanda aka yanke wa haƙƙin ɗan'uwansa saboda iya zance, yankin wuta aka yanke masa, kuma nasara a kotun ɗaukaka ƙara ba ta canza wannan. Wallahu a'alam.