Amsa ga 'yar'uwar da aka mayar daga rumfar zaɓe a New York

'Yar'uwa, tambayarki kan dalilin da ya sa aka hana ki jefa ƙuri'a a zaɓen fidda gwani na 'yan Majalisar Wakilan Amurka alhali kina da rajista ta fama mini tsohon miki. Ina kyautata zaton ba ki zaɓi jam'iyya ba lokacin rajista, domin a jihar New York sai wanda ya yi rajista da jam'iyya ne yake da ta cewa a fidda gwaninta.

Haka aka yi mini a unguwar Parkchester da ke yankin Bronx na birnin New York ranar 26 ga Yunin 2018, ranar da Alexandria Ocasio-Cortez ta kara da Joe Crowley a mazaɓa ta 14. Na taso daga aikin dare ko gida ban biya ba, na bi layi, sai malamar zaɓe ta bi littafin da yatsa, ta ɗaga murya a gaban maƙwabtana ta ce ba ni da jam'iyya, in matsa gefe. Wallahi da ƙyar na riƙe hawaye. Amma ba ita nake riƙe da ita a rai ba, mutumin da ya cika mini takardar rajista ne, wanda ya ce in bar gurbin jam'iyya fayau don kada a dame ni da kiran waya. Ya yi maganar da gadara kamar ya san komai, kuma Allah kaɗai ya san matan da ya yi wa wannan aika-aika. A lokacin, wanda yake son sauya jam'iyya sai ya yi tun watan Oktoban 2017.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ƙuri'un da aka kaɗa a ranar ba su kai 30,000 ba, kuma tazarar da ta kayar da Crowley, mutumin da yake majalisa tun 1999 a lokacin, wajen 4,000 ce kawai. A mazaɓunmu na Bronx, inda jam'iyyar Democrat take da rinjaye, a fidda gwanin watan Yuni ake yanke hukunci, babban zaɓen Nuwamba tabbatarwa ne.

Yanzu wa'adin sauya jam'iyya 14 ga Fabrairu ne, don Allah kada ki bari ya wuce ki. Ki kuma duba lambar mazaɓarki, saboda an sake shata iyakoki, har a 2022 kotu ta soke taswirar aka ɗage fidda gwanin zuwa Agusta. Kuma ki gaya wa mutanenmu su daina ɓuya wa masu ƙidaya, domin da an sami ƙarin mutum 89 a ƙidayar 2020, da jihar ba ta rasa kujera a Majalisar Wakilai ta koma 26 ba. Idan aka sake cewa ba a ga sunanki ba bayan kin gyara, kada ki juya, ki nemi takardar ƙuri'a ta rantsuwa ki cika a nan take.