Tabilet ko na'urar karatu? Amsoshin tambayoyinku

Tambayoyi uku ne suka zo mini a kan abu guda, duka daga cikin garin Maraɗi, sai na haɗa su wuri ɗaya.

Ta farko daga wata ɗaliba ce: "Ina shekara ta biyu a sashen noma na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Yayana da ke Faransa ya ce in zaɓi ɗaya ya aiko mini, Kobo ko tabilet. Ƙawata ta ce Kobo ba ya cin wuta, kuma ba ya gajiyar da ido. Wanne zan ce masa?"

Ƙanwata, ƙawarki ba ta yi ƙarya ba, amma ki ce masa tabilet.

Bari in fara ba Kobo haƙƙinsa, wato na'urar da aka ƙera don karanta littattafai kawai. Fuskar na'urar karatu, Kobo ce ko Kindle, ba irin ta waya ba ce. Ana kiran fasahar E Ink: wasu ƴan ƙwayoyi ne farare da baƙaƙe, idan kin juya shafi sai su jeru su zama haruffa, daga nan su tsaya cak. Muddin ba ki juya wani shafin ba, kusan babu wutar da suke ci. Shi ya sa caji ɗaya ke kai makonni, alhali tabilet da ƙyar ta kwana biyu. A garin da ake ɗauke wuta lokacin zafin Afrilu da Mayu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma ko da tsakar rana kike zaune a gindin bedi, rubutun na fitowa tangaram kamar na takarda, ba sai kin kare shi da gyale ba.

To amma me za ki karanta? Nan ne gizo ke saƙar. Darussan da malamai ke turowa ta WhatsApp kusan duk PDF ne, an tsara su a kan babbar takarda, da jadawali da zane da taswira mai launi. Ina da ƙaramar na'urar karatu mai fuskar inci 6, na taɓa saka mata irin wannan takarda. Haruffan suka koma kamar ƙwayar gero. Na buɗa da yatsa biyu, fuskar ta yi baƙi ta yi fari kafin ta daidaita, na ja gefe don in ga ƙarshen layi, ta sake ƙiftawa. Shafi uku na yi na haƙura, na koma kan waya. Ba lalacewa ta yi ba, aikin ne ba nata ba. An yi ta ne don littafin da rubutunsa ke bin girman fuska, wato EPUB, inda kike ƙara girman harafi layukan su sake jeruwa da kansu.

Saboda haka ki roƙi tabilet mai fuskar inci 10, wadda ke karɓar katin ƙarin ma'aji. Ya haɗo miki da riga mai murfi, don ƙurar hunturu ba ta da tausayi. Abin da zai cinye ki a tabilet ba wuta ba ce, TikTok ne. Wannan kuma ba yayanki zai magance miki ba.

Tambaya ta biyu daga wani malamin makarantar sakandare: "Na nemi wani sabon littafin Faransanci, na ga na takarda Yuro 21, na cikin na'ura Yuro 15. Babu takarda, babu tawada, babu kuɗin mota. Ina dalilin wannan tsada?"

Malam, Yuro 15 a canjin sefa na 655.957 ya tasam ma jikka goma, don haka na gane abin da ya sosa maka rai. Amma takarda da bugawa ba su ne babban kason kuɗin littafi ba. Akwai haƙƙin marubuci, da masu gyaran rubutu, da mai fassara idan fassara ce, da ladan kantin da ya sayar. Duk waɗannan suna nan ko an buga ko ba a buga ba. Sannan akwai rigimar da ta fi wannan, wato wa ke da ikon yanka farashi.

A watan Nuwamba na 2007 Amazon ya fito da Kindle a kan dala 399. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta cefane ba. Sai ya riƙa sayar da sababbin littattafai masu tashe a kan dala 9.99, wasu ma ƙasa da yadda ya saro su. Duk ɗan kasuwar Maraɗi ya san wannan dabara: ka faɗi a kan sukari don mai saye ya saba da shagonka. Masu buga littattafai suka tsorata, don idan mutane suka saba da dala goma, wa zai ƙara sayen na takarda mai tsada, kuma wa zai iya ja da kanti ɗaya da ya mamaye kasuwa?

Ana cikin haka Apple ya fito da tabilet ɗinsa iPad a 2010, a kan dala 499, da nasa kantin littattafai. Ya ce wa kamfanonin ɗab'i su yanka farashi da kansu, shi a ba shi kashi 30 cikin ɗari. Manyan kamfanoni biyar suka amince, suka tilasta wa Amazon bin wannan tsari, sababbin littattafai suka haura zuwa dala 12.99 da 14.99. Abin ban dariya shi ne, gasar ta karya farashin na'ura amma ta ɗaga na littafi: a watan Yuni na wannan shekarar kantin littattafai na Barnes & Noble ya sauke na'urar karatunsa Nook zuwa dala 199, a rana guda Amazon ya sauke Kindle daga 259 zuwa 189. A 2012 ma'aikatar shari'ar Amurka ta kai Apple da kamfanonin nan biyar kotu bisa haɗa baki. Kamfanonin suka sasanta, Apple ya tsaya aka yi shari'a, ya faɗi a 2013, daga baya ya biya dala miliyan 450. Sai dai bayan ƴan shekaru manyan kamfanonin sun sake karɓe ikon yanka farashi ta sababbin yarjejeniyoyi, kuma a haka ake tafiya.

Kai kuma da littafinka na Faransanci ne, akwai ƙarin dalili. Tun 1981 Faransa ke da dokar da ta ce mai bugawa ne ke sa farashi, kowane kanti kuma haka zai sayar, aka kuma faɗaɗa ta zuwa littafin na'ura a 2011. Don haka kada ka ƙona megarka kana yawo kanti-kanti neman rahusa. Abin da nake yi shi ne in jira a fito da ƙaramin bugu mai araha, wanda ake kira na aljihu, domin sau da yawa farashin na na'ura kan sauko a lokacin. Tsofaffin littattafan da ake koyarwa a aji kuwa, waɗanda haƙƙin mallakarsu ya ƙare, kyauta suke a shafukan intanet na Project Gutenberg da Gallica ta babban ɗakin karatun Faransa. Ga mai irin wannan karatu, Malam, na'urar karatu ta fi tabilet nesa ba kusa ba.

Abu ɗaya da ke ba ni haushi, kuma ya kamata ka sani kafin ka biya: yawancin waɗannan littattafai a kulle suke. Izinin karantawa ka saya. Ba za ka ara wa abokin aikinka kamar yadda kake miƙa masa na takarda a ɗakin malamai ba, ba za ka sayar ba idan ka gama, kuma wanda ka saya a kantin Kindle ba ya buɗuwa a Kobo.

Ta uku daga wani magidanci ne a unguwar Zariya: "Wani zai kawo mini Kindle na hannu daga Kano, uwargida za ta riƙa karanta littattafan Hausa. In saya?"

Alhaji, a fara tambayar Hajiya daga ina littattafan ke zuwa mata. Idan ta WhatsApp ko manhajar karanta labarai ta Wattpad take bin su shafi-shafi kamar yadda mata da yawa ke yi, Kindle ba zai yi mata komai ba, domin ba a saka masa waɗannan manhajoji. Waya mai faɗin fuska ko ƙaramar tabilet ta fi mata. Idan kuwa cikakken littafi take saye daga marubuciya, ana iya tura shi cikin Kindle ta kwamfuta da wata manhaja ta kyauta mai suna Calibre, amma fa sai da wani a gida da zai riƙa yin wannan hidima. Kantin Amazon ɗin kansa da katin banki ake biya, ba da kuɗin da ke cikin layin waya ba.

In har an yanke shawarar saye, kada a biya sai an kunna a gaban mai kawowa. A duba ko tsohon mai shi ya cire sunansa, a gwada yi masa rajista da intanet, saboda wanda aka kai rahoton an sace ba ya karɓar sabuwar rajista. A juya shafi goma a ga ko akwai wani gefe da ya daskare da layi-layi, don wannan alamar fuskar ta tsage daga ciki ce, kuma da wuya a samu ta canji a nan. Sannan a saka masa shafin Hausa guda, a tabbatar ƙ da ɗ da ɓ sun fito da ƙugiyarsu, ba ƴan akwatuna ba.